Simintin da Ya Tsiro a Bakin Rijiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Hadiza, wadda bakina bai iya kiran sunanta sai dai in ce Uwata, tunda sunan mahaifiyata kika ci.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin isa Zariya lafiya, kin sauke kaya, kin sami makwanci mai kyau da abokan zama na kirki. Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya, da sharrin direban da ke gudu kamar an biyo shi, da sharrin abincin da ba a san wanda ya dafa ba. Innarki na gaishe ki, ƙannenki na gaishe ki.

Ni na sa innarki ta cusa takardar nan a ƙasan akwatinki, don kada ki gan ta sai kin yi nisa. Akwai maganar da uba ba ya iya faɗa ɗiyarsa na kallon idonsa. Ba labarin gida zan ba ki ba, tunda jiya-jiya kika bar shi. Sauran iyaye suna sallamar 'ya'yansu da hikimar da suka tara. Ni na duba rumbuna na tarar kurakurai sun fi yawa, to da su zan yi miki guzuri. Wasu kin gani da idonki kina ƙarama, amma ba ki san abin da ke cikin kaina ba lokacin.

Kin san rijiyar gonarmu ta hanyar Daudawa, wadda mahaifina ya haƙa tun ina yaro. Ruwanta zartsi ne. Sabulu ba ya kumfa a ciki, wake in an dafa da shi sai ya ƙi nuna, shanu kaɗai ke shansa ba ƙorafi. Gefenta akwai falalen dutse mai ɗan kwarmi inda ake zuba musu ruwa. Kullum a jiƙe yake, gansakuka kore mai duhu ta lulluɓe shi kamar tsohon bargo.

A shekarar da kuɗin fetur suka fara shigowa ƙauyukanmu, kowa ya zama ɗan kwangila. Wanda jiya ke sayar da rake, yau shi ke gina kwalbati. Siminti ya yi wuya, har mutum kan yi tafiyar yini guda ya dawo hannu wofi. Ni kuwa ina nan ina duƙe a auduga, tsarana suna wuce ni a kan babur suna ɗaga mini hannu ba tare da sun tsaya ba. Zuciyata ta ƙi kwanciya. Wannan shi ne ciwon, sauran duk alamominsa ne.

Wata safiya ina ba shanu ruwa, santsin gansakukar nan ya kwashe ni, na zauna daɓas a kan dutse. Da na gama salati na duba ko wani ya gan ni, sai na lura diddigena ya yaye gansakukar, ga wani abu fari a ƙarƙashi. Na ƙwanƙwasa da sanda, na ji tauri. Na ɓantaro ɗan guntu. Kaurinsa ya kai yatsa biyu, hawa-hawa kamar an yi ta shafa shi a hankali. Na lasa, na ji ɗanɗanon bango. Nan take na yanke hukunci ni kaɗai, ba shaida ba alƙali: Allah Ya ba mutanen kudu fetur, ni kuma Ya tsiro mini da siminti a gona.

Ban faɗa wa innarki ba. Na ce a raina mata ba su riƙe sirri. Sai na je na faɗa wa Ɗan'asabe wanzami, aska na kan wuyana. Na ce masa, "Wannan magana tsakanina da kai ce." Ya ce, "Haba Malam Haruna, ai cikina rijiya ne." Gaskiya ya faɗa, don kowa a garin nan yana da guga. Kafin la'asar yara sun fara kirana Mai Siminti.

Da na shiga gida innarki na tankaɗe. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, wai an ce ka tono siminti?"

Na ce, "Wannan maganar maza ce."

Ta ce, "To. A injin niƙa na ji ta, halan mazan ne suka kai niƙa."

Uwata, duk abin da ya same ki, alheri ko akasinsa, ki fara faɗa wa wanda zai ci kunyar tare da ke in abin ya lalace. Da na faɗa wa innarki tun farko, da tambaya ɗaya za ta yi mini, ta ce na gwada? Da labarin ya mutu a tsakar gida, ba wanda ya ji.

Ran kasuwa na hau mota zuwa Funtuwa na sayo baƙar jakar hannu mai makulli, irin wadda 'yan kwangila ke riƙewa, na kuma sa aka sassaƙa mini hatimi da sunana. Da na dawo sai na rasa abin da zan sa a jakar, don ba ni da takarda ko ɗaya. Na zuba guntun dutsen da ƙuli-ƙuli na kulle. Haka na yi ta yawo da ita wata da watanni, in na zauna a majalisa in ɗora ta a cinya in riƙa shafawa. A Zariya za ki ga masu irin jakata da yawa, wasu ma da tabarau. Kada ta ruɗe ki, kuma kada ki sayi taki sai kin sami abin sawa.

Ana cikin haka kika dawo hutu, kina aji uku a sakandare. Kika kawo mini abinci gona, na ja ki bakin rijiya don ki ga arzikin gidanku. Kika tsuguna, kika murza gansakukar da yatsa, kika duba farin abin, sannan kika ce a hankali, "Baba, wannan ba siminti ba ne. Aikin sayanobakteriya ne. Malam Ishaku ya koya mana."

Yau na iya faɗin kalmar, don na yi shekara huɗu ina maimaita ta a bayan shanu. Amma ran nan abin da kunnena ya ji shi ne Sani Bakatariya.

Na ce, "Wane Sani? Ɗan gidan wa? Da izinin wa ya shigo mini gona?"

Kika ce, "Baba, ba mutum ba ne, wasu ƙananan..."

Na ce, "Rufe mini baki! Tun ba a je ko'ina ba har an fara raba ni da abina, kuma da bakin ɗiyata!"

Kika tattara kwanuka kika tafi. Ina kallon bayanki har kika sha kwanar gonar maƙwabcinmu Malam Audu. Na san na yi ba daidai ba tun a lokacin, amma jaka na hannuna, kuma mai jaka ba ya kiran yaro ya ce dawo ka ƙarasa.

Don kada wannan Sani ya riga ni, na kwana biyu ina kankare dutsen da gizago da tsohuwar fartanya, har na kwashe farin abin tas. Na daka shi a turmin innarki. Sati guda tuwon gidanmu na gurza a haƙori, ƙanenki Lawal ya ce ko yashi muka koma ci. Na tankaɗe garin, ya ba ni daro ɗaya da ɗan ƙari.

Sannan na yi tunani irin na masu ilimi. Na ce in siminti ya iya tsirowa a ƙarƙashin wannan ƙazanta, ina ga an share masa wuri? Na sayo garin sabulu, na sa tsintsiyar kwakwa na dirje gansakukar nan har dutsen ya yi ƙyalli. Na kafa rumfar kwano a kai, na zagaye ta ruf, na sa ƙofa da kwaɗo. Shanu na mai da su ɗaya gefen rijiyar. Kullum da safe in buɗe, in zuba guga biyu a cikin duhu, in tofa addu'a, in kulle. Wata uku ina wannan hidima. Abin da ya tsiro a rumfar nan sauro ne da wari.

Shi kuwa garin da na daka, da na ajiye shi da na huta. Sai aka aiko daga Damari cewa matar kawunki ta haihu, kuma kakanki Alhaji, mahaifin innarki, ya yi sabon zaure bai sami simintin shafe ba. Na miƙe a gaban mutane na ce fuskar zauren nan a wuyana take. Innarki ta ja ni gefe ta ce, "Malam, ka fara gwadawa a bangon akurkin kaji mana." Na ce simintina ya fi ƙarfin kaji.

Na je ana jibi suna. Na kwaɓa da yashi da ruwa, na shafe bakin ƙofar zauren da kewayenta. Wallahi Uwata, da ya bushe ya yi kyau, fari sol kamar ofishin Di'o, jami'in mulki. Tun yana ɗanye na danna hatimina a gefen dama, karo na farko kuma na ƙarshe da hatimin nan ya yi aiki.

Ranar suna da hantsi manyan gari suka jeru a gindin bangon, kowa da babbar rigarsa ta ajiya. An raɗa suna, ana rabon goro, sai hadarin farkon damina ya taso. Kafin a naɗe tabarmi ruwa ya sauko. Mutane suka matsa jikin bango don su fake, bangon kuwa ya fara sauka a kansu. Simintina ya narke kamar kunu, yana bin rawuna yana gangarawa wuyan riguna. Wani dattijo mai baƙin gemu ya shiga zaure da farin gemu. Maroƙin da ke yi mini kirarin Mai Siminti ya tsaya a tsakiyar kalma.

Kakanki bai yi faɗa ba, kin san shi. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya lakato abin da yatsa, ya duba, ya dube ni, ya ce, "Haruna, halan simintin naka na rani ne?"

Har yau in na je Damari, da hadari ya taso sai wani ya ce a shigar da Malam Haruna kada ya narke. Duk abin da kika koyo a makaranta, ki gwada shi a inda in ya rushe kaji kaɗai za su gani. Kuma ki guji alkawari a tsaye a gaban taro, don ƙafa na ƙara wa baki ƙarfin da ba nasa ba.

Za ki zaci daga nan na hankalta. Ina! A motar dawowa na gama lissafina: Sani Bakatariya ne ya yi mini asiri, shi ya hana sabon ya tsiro, shi ya kashe ƙarfin tsohon. Na shiga cigiya kasuwa-kasuwa. A Mairuwa wani mai faci ya ce shi dai bai san Bakatariya ba, amma a Ƙanƙara akwai wani Sani mai sayar da batir, ko shi ne? Na ce shi ne, ya sake suna don ya ɓatar da sawu.

Na same shi a rumfarsa, wani ƙaton mutum mai sanyin murya, yana jera tocila. Na tsaya a kansa ban ko yi sallama ba.

Na ce, "Kai ne Sani Bakatariya?"

Ya ce, "Sani Mai Batir dai. Na tocila kake so ko na rediyo?"

Na ce, "Mi ya kai ka gonata?"

Ya ce, "Wace gona, Malam?"

Na buɗe jaka don in fito da shaida, ƙuli-ƙuli ya zube a kan kayansa. Mutane suka taru. Na ɗaga dutsen sama na zayyana laifinsa tun daga rijiya har zauren Damari. Bawan Allah nan ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ni ko Faskarin taku ban taɓa zuwa ba. Zauna ka sha ruwa, rana ta yi maka yawa." Ya ba ni kujerarsa. Wata tsohuwa mai sayar da farar ƙasa a gefe ta karɓi dutsen ta murza, ta ce wannan ko farar ƙasar Ƙanƙara bai kai ba, ita ba za ta shafa wa ɗakinta ba. Don kunya na sayi batir huɗu, alhali ko rediyo ba mu da ita a lokacin.

A hanyar dawowa, ina zaune a kan buhunan masara a bayan mota, na tuna kin ce "ba mutum ba ne". Kalma huɗu, da Hausa, ba Turanci a ciki. Da na bar ki kin ƙarasa, da ban zagi mai batir ba. Uwata, a jami'a za a jefo miki kalmomin da suka fi wannan tsawo. In ba ki gane ba ki ɗaga hannu ki ce a maimaita, ko da duk ajin za su yi dariya. Dariyar aji ba ta kai ta kasuwar Ƙanƙara ba, ni na ji ta kasuwar a jikina.

Ranar ziyarar iyaye na zo makarantarku, kin tuna. Na ce miki, ina kallon gefe, "Wannan Sanin naku, a ina ake ganinsa?" Ba ki yi dariya ba, Allah Ya yi miki albarka. Kika ce in dawo da guntun dutsen da kuma gansakuka a kwalba, daga gefen da shanu ke sha yanzu, inda sabuwa ta fara fitowa a rana. Na kawo mako na gaba, kika kai ni wurin Malam Ishaku, malaminku na kimiyya, wani siriri mai alli a gashin kai.

Ya fara matsa lemun tsami a kan dutsen. Sai ga shi yana kumfa yana tsuwwa. Na ja da baya. Ya ce, "Alhaji, wannan alli ne, ɗan'uwan wanda nake rubutu da shi, ɗan'uwan ɓawon ƙwai." Ban je Makka ba a lokacin, amma ban gyara masa ba, don ina bukatar duk girman da zan samu ran nan.

Sannan ya ɗiga gansakukar a kan ɗan gilashi, ya sa a ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu, ya ce in rufe ido ɗaya in leƙa. Na leƙa. Na ga zare-zare kore, an jera su ɗaki-ɗaki kamar carbi, suna jan jiki a hankali kamar masu zuwa ta'aziyya. Na ɗago na yi a'uziyya. Na duba ƙarƙashin teburin ko da wani abu. Malam ya ce, "Ga Sanin naka nan. Hadiza, yi wa Baba bayani."

Zan maimaita abin da kika faɗa, don ki san na ji, ko da ban nuna ba. Kika ce waɗannan halittu ne masu rai, ƙanana ƙwarai, dubbai a ɗigo ɗaya. Da ana ce musu tsiro, yanzu masana sun ce sun fi kusa da ƙwayoyin bakteriya, shi ya sa aka ba su wannan dogon suna. Da hasken rana suke haɗa abincinsu, kamar dawa. Ruwan rijiyarmu kuma yana ɗauke da abu biyu a narke: sinadarin alli, wanda shi ke hana sabulu kumfa, da irin iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, amma a ɗaure cikin wani gishiri-gishiri. Iskar nan ita suke so su ci. To a jikinsu akwai wani abu da kika kira inzayim, shi ke kwance iskar daga ɗaurinta da sauri ya miƙa musu.

Na ce, "Shi inzayim ɗin, ci yake shi ma?"

Kika ce a'a, ba ya ci, ba ya ƙarewa, shi dai ya haɗa wannan da wancan ya sa abu ya yi sauri, ya koma ya sake.

Na ce, "Dillali ke nan."

Malam Ishaku ya buga tebur ya ce wallahi ya yi shekara shida yana neman wannan kalma.

Kika ci gaba, kika ce in sun zare iskar, ruwan da ke manne da jikinsu sai ya juya ya koma kamar ruwan toka. A irin wannan ruwa alli ba ya iya zama a narke, dole ya fito. Yauƙin da ke jikinsu kuma sai ya kama shi, ƙwaya bisa ƙwaya. In allin ya fara rufe su, sai su matsa sama su bi rana, su bar shi a ƙasa. Shi ne hawa-hawan da na gani.

Na juya abin a raina. Ashe ma'aikatan ne na wanke da sabulu. Waɗanda suka tsira kuma na kulle su a duhu, na hana su ranar da suke ci da ita, ina zuwa kullum ina tofa musu addu'a.

Duk da haka ban fid da rai ba. Na ce, "To Malam, in na bar su suka yi aikinsu, wata nawa zan sami buhu guda?"

Ya ce, "Wa ya haƙa rijiyar?"

Na ce mahaifina, shekara talatin da wani abu.

Ya ce, "Abin da ka kankare a kwana biyu, tun ran da aka fara zuba ruwa a dutsen suke gina shi." Ya ƙara da cewa ko na tara buhu ɗari ba siminti ba ne, sai an haɗa shi da wata ƙasa an gasa a wutar da ta fi ta maƙera. Amma ya ce akwai manyan duwatsu a duniya da irin waɗannan halittu suka tara a hankali, kuma irin dutsen ne masu yin siminti ke fasawa su gasa.

Na ce, "Ashe dai ban yi ƙarya gaba ɗaya ba."

Ya ce, "Ba ka yi ba, Alhaji. Sauri kawai ka yi da shekaru dubbai."

A hanya ban yi tunanin siminti ba. Mahaifina na tuna, yadda yake jan guga yana zuba wa shanu a dutsen nan kowace safiya, ina riƙe masa igiya. Kowane guga da ya zuba yana cikin farin abin nan, ni kuwa na daka shi a turmi na kai Damari ruwa ya tafi da shi. Na cire rumfar washegari, kwanon na rufa wa awaki. Inda za ki zauna yanzu akwai masu shara, da masu dafa abinci, da masu wanke kwalaben da za ki yi karatu da su. Ki san sunayensu, ki gaishe su kafin su gaishe ki. Kuma kada ki raina abu don yana tafiya a hankali.

Abin da ban yi ba ran nan shi ne in ce miki kin yi gaskiya. Da za mu rabu a bakin ƙofar makaranta cewa na yi, "Malamin naku ya iya bayani." Alhali ke kika yi bayanin.

Saura guda, kuma saboda ita na ɗauki alƙalami. Sauran duk na jero su ne don in sami ƙarfin isowa nan.

Takardarki ta shiga jami'a ba ranar da na ba ki ta iso ba. Ta riga haka da kwana tara. A kasuwar Faskari aka ba ni, na kai wa wani akawu ya karanta mini, don karatuna na yaƙi da jahilci bai kai Turanci ba. Ya ce an ɗauke ki ki karanci ilimin ƙananan halittu. Na ce su Sani ke nan? Ya ce bai san Sani ba. Ni na sani.

Na tsaya a tsakiyar kasuwa ina jin abin da garin nan zai ce: uban ya haukace a kan gansakuka, ɗiyar kuma ta tafi neman digiri a kanta. Na ce da likita ce ko lauya, da na shiga majalisa da ƙafar dama. Wannan shi ne dalilin da na ba kaina. Na gaskiyar shi ne ban so ki tafi ba. Ke kaɗai ce a gidan nan in na faɗi abin da ba daidai ba kike gyara mini ba tare da kin sa na ji ni wawa ne ba.

Na ninke takardar na sa a cikin hula, na kifa a kai. Kwana tara ban tuɓe hular nan a gaban mutum ba. Alwala a bayan rumbu nake yi. Kullum kika kawo mini ruwa sai ki ce, "Baba, ba a kawo saƙo ba?" In ce, "Masu kawo wasiƙa ba su da sauri." Kina tsaye, takardar na bisa kaina, tsakaninki da ita bai fi kamu biyu ba. A kwana na shida na ga kin fara jera littattafanki a kwali kina ɗaurewa da igiya. Tuwonki yana dawowa kusan yadda aka kai shi. Na gani, na kau da kai.

Ran na tara Ɗan'asabe ya zo zaure da zabirarsa. Na ce yau ba na aski. Ya ce, "Malam Haruna, mako biyu fa ke nan. Ko ka fara tara suma ne irin ta samarin birni?" Ya miƙo hannu wajen hular, na kauce har na buge butar liman da ya bari a zauren. Sai na ji innarki daga bayan ƙofa tana cewa in shigo tana da magana.

Na shiga ɗakinta. Ta ce, "Malam, tuɓe hular."

Na ce, "Don mi?"

Ta ce, "Shekara ashirin da biyu muna tare, ban taɓa ganin ka yi barci da hula ba sai makon nan. In ciwo ne a nemi magani. In ba ciwo ba ne, in gani."

Na tuɓe. Takardar ba ta biyo hular ba, ta manne a tsakiyar kaina. Innarki ta sa yatsa biyu ta ɓamɓaro ta a hankali don kada ta yage. Ba ta iya karatu ba, amma ta ga tambarin ta gane. Na jira faɗa, bai zo ba. Ta shimfiɗa ta a kan gado tana lallashe ta da tafin hannu, ta ce, "Kai za ka ba ta ko ni?"

Na ce, "In ce mata mi?"

Ta ce, "Wannan kau tsakaninka da Ubangijinka."

Kin san abin da na ce miki. Na ce ruwan sama ya doki mai kawo wasiƙa a hanya, shi ya sa ta jiƙe. Uwata, ba ruwan sama ba ne. Wannan zagayayyen tabo mai ruwan ƙasa da ke tsakiyar takardarki, wanda za ki nuna wa manyan malamai a ofis, zufar ubanki ce ta kwana tara.

Kika karɓa, kika karanta har ƙasa. Sannan kika kai ta kusa da hancinki. Kika dube ni, kika dubi hulata, kika ce, "Allah sarki. Ya sha wahala."

Tun ran nan nake juya maganar. Ban sani ba ko mai wasiƙar kike nufi ko wani. In wanin ne, to ya sha wahalar, kuma shi ya jawo wa kansa, kuma yana roƙon ki yafe masa. Da kwanakin nan sun ƙaru kaɗan da wurinki ya wuce, da na zauna da wannan har kabari. Shawarar da zan ɗora a kan wannan gajera ce: in kin cuci mutum, ki faɗa masa da bakinki tun abin na ɗanye. Ni ban iya ba, ke ki iya.

Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki ci abinci ko ba daɗi. Ki rubuto wa innarki, Lawal zai karanta mata. In an tambaye ki mi kike karantawa, ki faɗa da ƙarfi, in sun yi dariya ki bar su. In an tambaye ki ɗiyar wa ce, ki faɗa, wannan ma in sun yi dariya suna da hujja.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, damanki da hagunki. Ya buɗe miki abin da ke rufe, Ya haɗa ki da malamai masu haƙuri da abokai masu tsoronSa. Ya kare ki daga zazzaɓi da mugun ido da mugun baki. Yadda kika fita gidan nan lafiya, Allah Ya dawo mana da ke lafiya, Ya sa ina raye in tarbe ki a tasha. Na yafe miki duniya da lahira, ko da yake na duba ban sami abin yafewar ba.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinki,
Haruna.